Ƙaimi Ba Ya Maganin In'ina: Ra'ayi a Kan Zaburar da Furosesa da Cijewar Wasannin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana wasa, ko ya tsaya a bayan mai yi yana kallo, ya san wannan al'amari. Mota tana sheƙa gudu a kan allo, an zo daidai kwana, sai hoton ya cije kamar an riƙe shi, sannan ya saki. Kafin ɗan wasa ya ankara, motarsa ta daki bango. Tsayawar ba ta wuce ƙiftawar ido ba, amma ta isa ta ɓata masa tsere. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, ɗan adadin da ke kusurwar allo yana shaida masa cewa na'urarsa tana fitar da hotuna ɗari ko fiye a kowane sakan. Bisa lissafi ke nan babu wata matsala, alhali ido ya gan ta, hannu ma ya ji ta.

Shawarar da aka fi ba irin wannan mutum ita ce ya ƙara wa furosesarsa gudu fiye da yadda kamfani ya tsara mata. Shawara ce mai daɗin ji, domin ba ta buƙatar a sayi komai: a shiga saitin kwamfuta, a sauya lambobi biyu ko uku, a fito. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, a yanayin na'urorin yau, bin wannan shawara barin jaki ne ana dukan taiki. Cijewar hoto ciwon rashin daidaito ne, kuma ƙarin gudu bai cika warkar da shi ba, sau da yawa ma tsananta shi yake yi. Za a kuma nuna cewa ƙwallafa rai a kan adadin gudu bai tsaya ga masu wasa ba. Ya kama kamfanonin da ke ƙera na'urorin su kansu, har ya kai ga abin da ya faru a shekarar 2024, wanda mai saye ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa.

2.0 Fashin Baƙin Kalmomi

Da yake fage ne da Hausa ba ta daɗe da shiga ba, ya dace a fara da daidaita kalmomi. Furosesa ita ce ɗan guntun silikon da ke gudanar da lissafin kwamfuta, wadda wasu ke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tana aiki ne bisa bugun wani agogo na ciki. Megahaz ɗaya yana nufin bugu miliyan ɗaya a sakan, gigahaz ɗaya kuma bugu biliyan ɗaya. A nan an aro kalmar "zaburarwa" daga fagen hawan doki domin a nuna aikin tilasta wa wannan agogo ya buga fiye da ƙa'idar da maƙeransa suka yanka masa. Ƙaimin da ake zaburarwar da shi kuwa shi ne ƙarin matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt, domin tiransistocin da ke cikin furosesa ba sa iya buɗewa da rufewa da ƙarin sauri sai an ƙara musu matsi.

Motsin da ake gani a allo jerin hotuna ne tsayayyu da ke maye gurbin juna. Kowane hoto aikin haɗin gwiwa ne: furosesa ta lissafa inda kowane abu yake da abin da ya same shi, ta miƙa wa katin hoto, shi kuma ya zana. Idan hoto ɗaya ya makara ƙwarai, alhali na gabansa da na bayansa sun zo a kan kari, sai a ga motsi ya sarƙe. Wannan ne aka kira "in'ina" a nan, domin ya yi kama da mai maganar da harshensa ke maƙalewa a kan harafi ɗaya, ko da kuwa sauran zancensa yana tafiya sumul. In'ina ta bambanta da nawa, inda dukkan hotunan ke zuwa a hankali amma a jere.

3.0 Zamanin da Ƙaimi Yake da Riba

Adalci ne a faɗi cewa zaburarwa ba ta samu karɓuwa a banza ba. A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A, furosesa mai araha da aka tsara ta yi gudun megahaz 300. Masu sha'awar harkar suka gano cewa idan aka ɗaga agogon madabod, wato babban farantin da ake dasa sassan kwamfuta a kansa, daga megahaz 66 zuwa 100, sai ta haura zuwa megahaz 450, kuma galibinsu su zauna lafiya a nan. Ƙarin kashi 50 cikin ɗari ke nan ba tare da an kashe ko kwabo ba, ƙarin da ya kai ta kafaɗa da kafaɗa da Pentium II mai megahaz 450, wadda kuɗinta ya ninka nata. Wanda ya ga haka da idonsa, da wuya a raba shi da tunanin cewa a cikin kowace furosesa akwai ɓoyayyen gudu da kamfani ya hana shi.

Sai dai wancan zamani ya wuce, kuma dalilin na kimiyya ne. Wutar da furosesa ke ci, wadda kusan dukkanta zafi take komawa, tana ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu, amma ta fuskar matsin lantarki ninki take yi: idan aka ruɓanya matsi sau biyu, wutar ta ruɓanya sau huɗu. A ɗauki misalin wanda ya ɗaga matsi daga bolt 1.25 zuwa 1.40 domin ya samu ƙarin gudu na kashi 5 cikin ɗari. Lissafi ya nuna zafin da zai fitar zai ƙaru da kimanin kashi 32 cikin ɗari. Ya sayi ɗan taki ɗaya da kusan sulusin ƙarin zafi.

Shekaru da dama ƙanƙantar da tiransistoci ta riƙa ɓoye wannan tsada. Kamar yadda Robert Dennard da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka bayyana a 1974, duk lokacin da tiransista ta ƙanƙance ana iya rage mata matsi, saboda haka gudu ya ƙaru ba tare da zafi ya yi yawa ba. Wajen tsakiyar shekarun 2000 wannan rangwame ya ƙare. A 2004 Intel ya soke shirin fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4, zuriyar ta tsaya a 3.8, kuma daga 2005 Intel da AMD suka karkata ga ƙara yawan cibiyoyin lissafi a cikin furosesa ɗaya. A 2024, bayan shekara ashirin, Core i9-14900KS ta fito da gigahaz 6.2. Wato a tsawon wannan lokaci bugun agogo bai ko ninka ba.

Har ila yau, kamfanonin sun daina barin rara. Tun 2008 Intel ya shigo da tsarin Turbo Boost, AMD kuma ya zo da Precision Boost tare da Ryzen a 2017. Furosesar yau tana zaburar da kanta: tana duba zafinta da wutar da take ci, ta hau iyakar abin da yanayi ya ba ta dama, ta sauko idan ya ƙi. Abin da ya rage wa mai kwamfuta ya tatsa bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba. Gaskiya ne a watan Disamba na 2022 an kai wata Core i9-13900K sama da gigahaz 9, amma da ruwan iskar hiliyom aka sanyaya ta, na ɗan lokacin da za a ɗauki shaida. Wannan sukuwar nuna bajinta ce, ba wanda ke wasa a haka.

4.0 Yaudarar Matsakaicin Adadi

Tushen ruɗanin yana cikin ma'aunin da aka saba da shi, wato yawan hotuna a sakan ɗaya. Wannan adadi matsakaici ne, kuma ɗabi'ar matsakaici ce ya haɗiye abin da ya fita daban. Ido ba ya jiran sakan ya cika kafin ya yanke hukunci. Abin da yake ji shi ne tazarar da ke tsakanin hoto da hoto, wadda ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Mai hotuna 60 a jere yana samun sabon hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 30 kuma duk bayan 33.3.

A ƙaddara kwamfuta ta fitar da hotuna 100 a sakan ɗaya. Guda 99 daga cikinsu kowanne ya ɗauki milisakan 9, jimilla 891, ɗaya kuma ya ɗauki 109. Ma'auni zai rubuta 100, mai kwamfuta ya yi murna. Amma wancan hoto guda ya tsaya a allo fiye da kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma shi ne ya sa mota ta daki bango. Wanda kwamfutarsa ke ba shi hotuna 60 cur, kowanne a kan lokacinsa, ya fi shi jin daɗin wasa nesa ba kusa ba, ko da yake adadinsa ya fi ƙanƙanta.

Yanzu a zaburar da waccan furosesa da kashi 5 cikin ɗari, a kuma yi mata kyakkyawan zato cewa kowane aiki ya ragu daidai da haka. Hotunan milisakan 9 za su koma kimanin 8.6, bambancin da ido ba zai gane ba. Na 109 zai koma kimanin 104. Ma'auni zai rubuta 105, in'inar kuma tana nan inda take.

Wannan fahimta ba sabuwa ba ce. A 2011 Scott Wasson na mujallar intanet ta The Tech Report ya yi rubutun da ya ja hankalin masu gwajin na'urori ga auna lokacin kowane hoto shi kaɗai. Daga nan ne aka saba kawo adadin kashi ɗaya cikin ɗari na hotunan da suka fi makara, a gefen matsakaici. Abin takaici shi ne har yau babban adadin ne ake bugawa a jikin kwali da tallace-tallace, shi ne kuma matasa ke gasa da shi a tsakaninsu.

5.0 Daga Ina In'ina Take Tasowa?

Idan aka bi sawun hoton da ya makara, galibi sai a tarar furosesa tana jiran wani abu ne, ko an ɗora mata wani aiki na ba-zata a tsakiyar wasa.

Babban misali shi ne fassarar manhajojin inuwa. Waɗannan ƙananan manhajoji ne da ke gaya wa katin hoto yadda haske zai sauka a kan ruwa, ƙarfe, fata ko hayaƙi, kuma wasa ɗaya na iya ƙunsar dubbai. Dole a fassara kowace zuwa harshen ainihin katin da ke cikin kwamfutar. A na'urar wasa irin PlayStation 5 wannan ba matsala ba ce, domin duk na'urorin iri ɗaya ne, kamfanin wasa ya fassara tun a ɗakin aiki. Kwamfutoci kuwa kowace da irin katinta da direbanta, saboda haka a gidan mai saye ake fassarar. Tsare-tsaren zane na zamani, wato DirectX 12 na 2015 da Vulkan na 2016, sun ɗora wa masu rubuta wasa alhakin tsara lokacin da za a yi ta. Idan suka yi sakaci, sai a bari har abin ya bayyana a allo karon farko, wasa ya tsaya cak a fassara, sannan a ci gaba. Wasan The Callisto Protocol ya fito a Disamba 2022 da irin wannan in'ina mai tsanani, har a kwamfutoci mafiya tsada, kuma da kamfanin ya aiko da gyaran da ke fassara manhajojin tun kafin a fara wasa, sai ta lafa. Babu wanda ya sauya furosesarsa a tsakani. A ɗaya gefen, The Last of Us Part I da ya zo kwamfuta a Maris 2023 ya riƙa fassarar tun farko, masu saye suka koka da doguwar jira. Ko ta wace hanya, magana ce ta tsarin manhaja.

Na biyu shi ne ɗebo kaya. Manyan wasanni ba sa loda duniyarsu gaba ɗaya. Yayin da ɗan wasa ya ƙetare wata iyaka da ba ya gani, sai a ɗebo sabon yanki daga faifan ajiya. Idan faifan mai nawa ne, ko ma'adanar aiki ta cika, ko ta katin hoto ta cika, sai a jira. Wanda ke jiran kaya daga kasuwa, saurin hannunsa ba ya kawo su.

Na uku yana nuna yadda sanadi kan ɓuya a inda ba a zata ba. A Maris 2022 AMD ya amsa cewa wasu kwamfutoci masu Ryzen suna ɗan daskarewa lokaci zuwa lokaci saboda sashen tsaro na fTPM, wanda kan daɗe yana hulɗa da wata ƙaramar ma'adana a kan madabod. Mutane da yawa sun kunna wannan sashe ne saboda Windows 11 ta shar'anta shi. Maganin ya zo ta sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, daga watan Mayu na shekarar. Duk wanda ya yi watanni yana ƙara bolt domin ya kori wannan in'ina ya wahalar da na'urarsa ne a banza.

Na huɗu shi ne zafi, kuma a nan ne zaburarwa ke komawa sanadin ciwon da aka ɗauko ta ta warkar. Kowace furosesa tana da iyakar zafi: digiri 100 a ma'aunin Selshiyas ga manyan Core na zuriya ta 13 da ta 14, digiri 95 ga yawancin Ryzen 7000. Idan ta kai nan sai ta rage gudu domin ta tsira. Wadda aka ɗora wa ƙarin matsi a cikin akwatin da iska ba ta ratsa shi sosai takan yi ta hawa da sauka, lokacin hotuna ma ya yi ta hawa da sauka tare da ita. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Akwai hujja daga kasuwa da ta ƙarfafa wannan. A Afrilu 2022 AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D. Iyakar gudunta gigahaz 4.5 ne, ƙasa da 4.7 na 'yar'uwarta 5800X, kuma kamfanin ya toshe hanyar zaburar da ita. Abin da aka ƙara mata shi ne taskar kusa, wato ma'adanar da ke jikin furosesa, daga megabait 32 zuwa 96. Duk da raguwar gudun, ta fi 'yar'uwar tata a yawancin wasanni, domin ta rage yawan fita neman bayanai a nesa. Rage jira ya fi ƙara bugu amfani.

6.0 Darasin Shekarar 2024

Da a ce masu wasa ne kaɗai ke wannan tsere, da abin ya zo da sauƙi. A farkon 2024 koke ya yawaita daga masu manyan furosesoshin Intel na zuriya ta 13 da ta 14, musamman Core i9-13900K da 14900K. Wasanni, galibi waɗanda aka gina a kan Unreal Engine, suna rufewa da kansu, sau da yawa a daidai lokacin fassarar manhajojin inuwa, domin aiki ne da ke tayar da dukkan cibiyoyin lissafi lokaci guda. Saƙon da ke fitowa yakan ce ma'adanar katin hoto ta ƙare, sai mutane suka yi ta zargin katin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kamfanin RAD Game Tools, mai manhajar Oodle da wasanni ke warware matsattsun bayanai da ita, ya fitar da bayani cewa furosesar ce ke kuskuren lissafi, kuma daga cikin dabarun da ya ba da har da rage mata gudu kaɗan. A Afrilu kamfanin Nvidia ya nuna wa masu wannan koke ƙofar Intel.

Mafi yawan waɗannan mutane ba su taɓa saitin komai ba. An tarar masu ƙera madabod da dama suna sayar da shi da iyakar wuta a buɗe, har wat 4096, alhali ƙa'idar da Intel ya rubuta wa waɗannan furosesoshi wat 253 ce. Kowane kamfani yana son nasa farantin ya zo na ɗaya a jadawalin gwaji. Wato an sayar wa mutane doki da ƙaimi a cikinsa ba tare da an gaya musu ba. A Yuli 2024 Intel ya amsa cewa umarnin da ke cikin furosesar kanta yana neman matsin lantarki fiye da kima. A Agusta ya fitar da gyaran da ya taƙaita neman a bolt 1.55, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. A Satumba ya bayyana cewa matsi da zafi suna tsofar da wata da'irar agogo a cikin cibiyoyin lissafi, ta yadda mafi ƙarancin matsin da furosesa ke buƙata domin ta yi aiki daidai yake ta hawa. Gyaran yana kare wadda ba ta lalace ba. Wadda ta riga ta lalace sai dai a musanya ta. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba.

Kada a ɗauka kamfani ɗaya ne ya yi tuntuɓe. A Afrilu 2023 an samu rahotannin ƙonewar wasu Ryzen 7000X3D, har AMD ya sa aka taƙaita matsin wani sashe nasu a bolt 1.3. Wannan duka ya wuce in'ina, ya kai ga asarar dukiya, amma tushen ɗaya ne. Idan injiniyoyin da suka zana furosesa, da duk kayan awon da ke hannunsu, sun iya zarce iyaka ba su ankara ba sai bayan watanni masu yawa, mene ne hujjar wanda ke ƙara bolt a ɗakinsa bisa abin da ya gani a bidiyo?

7.0 Hujjojin Masu Zaburarwa

Masu wannan sha'awa suna da abin cewa, kuma ya kamata a saurare su. Na farko, akwai wasannin da furosesa ce ke riƙe su da gaske, kamar masu ɗimbin mayaƙa ko manyan birane da ake lissafa motsin kowane mazauni. A nan ƙarin gudu yana taɓa har hotunan da suka fi makara. Na biyu, kunna tsarin XMP ko EXPO domin ma'adanar aiki ta yi gudun da aka rubuta a kwalinta shi ma nau'in zaburarwa ne, kuma sau da yawa yana rage jira. Na uku, mai tsohuwar na'ura da ba shi da halin sabuwa yana iya ƙara mata shekara ɗaya ko biyu ta wannan hanya. Na huɗu, injiniyoyi da yawa ta wannan ƙofa suka fara sanin alaƙar matsi da zafi da gudu.

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma muƙalar ba ta kira a hana kowa taɓa abin da ya saya da kuɗinsa ba. Abin da take ƙi shi ne a mayar da zaburarwa maganin farko ga ciwon da ba a bincika ba. Mai koyo da ya san yana iya rasa na'urarsa, ya kuma yarda da haka, daban yake da wanda ke son wasansa ya daina cijewa kawai. Na biyun ne ake cuta idan aka ce masa ya ƙara bolt.

8.0 Inda Zafi Ya Riga Ya Yi Yawa

Mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai yana da ƙarin dalilin yin hattara. Fanka da ƙarfen sanyaya furosesa ba sa ƙirƙirar sanyi, zafi suke kwashewa su zuba a iskar ɗaki. Saboda haka idan ɗaki ya fi wani zafi da digiri 15, furosesar ma za ta fi zafi da kusan haka. Saitin da ya zauna lafiya a ɗakin gwaji mai na'urar sanyaya iska a Turai ko Amurka ba lallai ya zauna a watan Afrilu a garin da zafi ke haura digiri 40 ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe kafofin iska, ga kuma cewa kowane ƙarin wat daga man janareta ko batirin sola yake fita. Yawancin kwamfutocin da ke hannun matasanmu na hannu ne, garantinsu ya ƙare ko ba ya isowa nan. Wanda furosesarsa ta lalace a inda kamfani ke da wakili yana iya samun musanya, namu kuwa sai ya sake tara kuɗi. Garin gyaran gira bai kamata a rasa ido ba.

9.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Ga mai kwamfuta, awo ne farkon magani. Manhajoji irin su PresentMon da CapFrameX da MSI Afterburner suna zana lokacin kowane hoto a matsayin layi, kuma siffar layin tana ba da labari. Idan tsinin yana fitowa ne duk lokacin da sabon abu ya bayyana karon farko, kuma ba ya dawowa a karo na biyu, fassarar manhajojin inuwa ce. Idan a wuri ɗaya na taswira yake fitowa kullum, ɗebo kaya ne. Idan sai bayan an ɗan jima ana wasa yake farawa, a duba zafi. Daga nan a mayar da saiti yadda kamfanin furosesa ya rubuta, a sabunta BIOS, a share ƙura, a rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye. Sau da yawa ƙayyade yawan hotuna a adadin da na'ura ke iya riƙewa ba fashi, ko rage matsin lantarki kaɗan, yana kawo santsin da zaburarwa ta kasa kawowa.

Ga kamfanoni kuwa, haƙƙin mai saye ne na'ura ta zo masa a kan ƙa'idar da aka rubuta, duk wani ƙari ya zama zaɓinsa ne da saninsa. Masu rubuta wasanni su daina sakin aikin da bai nuna ba suna barin mai saye yana zargin na'urarsa. Masu gwaji da sharhi su riƙa sa daidaito da cin wuta a gaba, domin abin da suke yabo shi kamfanoni ke tsere a kansa.

10.0 Kammalawa

Muƙalar ta yi ƙoƙarin nuna cewa in'inar wasannin kwamfuta tana tasowa ne daga hoton da ya makara, kuma makarar galibi daga tsarin manhaja take, ko jiran bayanai, ko zafi. Zaburarwa ta yi riba a zamanin Celeron 300A domin a lokacin akwai rara. Yau kamfanoni sun cinye rarar, wani lokaci ma sun zarce, kamar yadda 2024 ta nuna. Akwai kuma aikin da ya rage wa malaman harshe da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu. Matashin da ba shi da kalmomin da zai bambanta nawa da in'ina, ko gudu da daidaito, ba zai iya bayyana wa mai gyara abin da ke damun na'urarsa ba, kuma duk shawarar da aka ba shi zai karɓa. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai, ana fatan masana za su tace su, su kawo waɗanda suka fi su.